Ranar da Aka Kira wa Mage Wanzami

Shekarar da na yi haihuwar fari, maigidana yana jibge kwalayen taliya daga kasuwar Singa a zaurenmu na Fagge. Inda taliya take kuwa, nan ɓeraye ke taro. Magen gidanmu ce kaɗai ta hana su isa katifar jaririna. Shi ya sa da ta fara numfashi kamar tsohon injin markaɗe, hankalina ya tashi. Ko me ta ci sai ta shaƙe, ta miƙe wuya. Ɓerayen ma sun gane, tun daga nesa suke jin tahowarta.

Surukata ta leƙa bakinta ta ce, "Belu ne. Wa ya cire mata tana ƙarama? A kira wanzami."

Wanzami ya zo da zabirarsa yana tambayar ina yaron. Na nuna masa mage.

"Haba Hajiya," ya ce wa surukata, "da girmana?"

"Kai dai duba, Malam. Baki ai baki ne."

Ya duba. Shi da ke yi wa mutane tsaga, ranar shi aka yi wa a kunci, kyauta.

Washegari na goya yaro, na sa mage a kwalin taliya, muka hau adaidaita zuwa wurin likitan dabbobi a Sabon Gari. Wajen shataletalen Bata direban ya tsaya, ya sauka yana kasa kunne a injinsa, a zatonsa daga nan ƙarar take. Na ƙara danne murfin kwalin.

Likitan ya saurari ƙirjinta, ya haska kunnenta, ya ce sai an yi mata allurar barci kafin a ga can cikin maƙogwaro.

"Za ta farka dai, likita?"

"In sha Allahu."

"Amma za ta farka?"

"Maman yaro, don Allah zauna."

Can ya fito da wata tsoka kamar ƙwayar gyaɗa, da 'yar jela. Ya ce tsiro ne, daga kunne ya gangaro ya tare hanyar iska. Ya ba ni magani, ya ce in minsharin ya dawo in maido ta.

Na ƙunshe tsokar a leda na kai wa surukata, na ce likita ya ce ba belu ba ne. Ta juya ta da tsinke.

"To ba ga shi ba? Belu."

Mage ta warke, ɓeraye suka koma maƙwabta. Sai dai shirun ya yi mini yawa. In ita da yaron suna barcin rana, na dinga zarya ke nan, in kara yatsa a hancin wannan, in kara a na waccan.