Kaka ta wanke kwalaben Hadiza

Na shigo gida na tarar ƙanwata Hadiza tana kuka, Kaka kuma tana ɗura yaji a kwalabe.

Kwana uku Hadiza ta yi a Tounouga tana ɗibar lakar bakin kogi, za ta kai labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a jami'arsu. Kaka ta zubar, ta wanke kwalaben tas.

Hadiza ta ce, "Kaka, ƙananan halittun cikin lakar nan ne muke neman maganin ciwon daji a jikinsu."

Kaka ta ce, "Yo ƙasa ce ta yi wuya a nan Gaya?"

Da safe Kaka ta share tsakar gida, ta tara sharar a ƙofar Hadiza, har da kashin kaji. Ta ce, "Ga shi nan, zaɓi mai ƙarfin."

Jama'a, wa zai fahimtar da Kaka? Ni dai yajin nake ci.