Takardar da Aka Ciro daga Hular Mai Unguwa

Shekarar da mijina ya cika shekara uku da rasuwa wata mata ta zo Sabiyal. Kirista ce, ma'aikaciyar ofis a Jega, Hausarta da ɗan gargada. Ta ce daga Sakkwato aka turo ta binciken yadda caca ke ɓata gidaje.

Ban yarda ba. Ni dai ban taɓa ganin gwamnati ta yi tambaya don alheri ba.

Ba kowane gida za ta shiga ba. Ta rubuta lambobin gidaje a ƙananan takardu, ta zuba a hular mai unguwa, aka girgiza, aka ciro goma. Nawa na ciki. Mai binciken caca, ga ta tana caca da gidajen mutane. Kuma hular ta mai unguwa ce, shi kuwa ya san ɗana na fari ya kwashe irin albasar da na ɓoye a tulu ya kai gindin karta a kasuwar Aliero. A shekarun nan sojoji na kama 'yan karta su aske su, su tafi da su. Ɗan nan kuwa shi kaɗai gare ni mai riƙe fartanya.

Ta zauna a tabarmata.

"Inna, akwai mai yin caca a gidan nan?"

"Wa ya aiko ki? Mai unguwa?"

"Wallahi ƙuri'a ce."

"Ke ma kin iya wallahi?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba. Ta ce ba ta rubuta sunan kowa. Na ce ai ko ni ban taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, amma duk garin an san shi.

Ta dubi tulun. Wata biyu ke nan ba wanda ya tambaye ni komai. Sai na faɗa mata. Irin, da fadamar da ta zauna ba shuka, da yadda nake kwana da makullin rumbu a ƙugu. Tana ta rubutu.

Da ta gama na riƙe takardar.

"Ba ki fita da ita sai na ji mi ke ciki."

"Bari in karanta miki, Inna."

"Ke kika rubuta. Ba ke ba."

Mutum ɗaya ne a gidan ya yi firamare, shi ɗan farin nawa. Na ƙwala masa kira, "Kai!" Ya fito yana miƙa. Na ba shi.

Ya karanta da ƙarfi, yana tuntuɓe. Babu suna, babu lambar gida. Maganata ce yadda na faɗe ta. Da ya kai wurin makullin sai muryarsa ta tsaya.

"Ci gaba," na ce.

Ya ƙarasa. Ya miƙa mata takardar da hannu biyu, bai dube ni ba.

Ba sojan da ya zo. Na jira su har damina ta wuce. Makullin kuwa ya ƙara shekara biyu a ƙuguna kafin in ba shi.