Labulen Roelien

Shekara ashirin da shida tagar Roelien Veenstra tana kallon tawa a unguwarmu ta Rotterdam. Na san launin kujerunta, na san ƙarfe shida daidai take zaman cin dankali da mijinta Sjoerd. Ba sa ido ba ne. A layinmu ba a sakin labule. Duk wanda ya saki, ko an yi masa rasuwa ko yana da abin ɓoyewa.

Roelien 'yar jarida ce, irin masu tonon silili. Da ɓarayin keke ta fara, ta koma kan ma'aikata masu karɓar na goro, daga nan ta dira a kan masu shigo da hodar iblis cikin kwantenar ayaba. Mace 'yar firit, kullum da burodi da cuku a jakar kekenta, amma ƙarti goma sha ɗaya ta tura gidan yari. Bakinta kuwa ba linzami.

Wata Talata na tashi na ga labulenta a sake. Laraba ma haka. Ga baƙar mota a ƙofa, da maza biyu cikin baƙaƙen kaya, fuska ba annuri. Na ce shi ke nan, Sjoerd ya tafi, da ma zuciyarsa tana ba shi wahala, ga masu ɗaukar gawa har sun iso.

Mu ba ma faɗa wa mutum gida ba a sa rana ba, saboda haka ban ƙwanƙwasa ba. Na kira wayarta, a kashe. Sai na yi abin da ya kamata: na rubuta a shafin unguwa na intanet, mai mutum dubu biyu, cewa za a yi wa Roelien Veenstra ta'aziyya ranar Alhamis ƙarfe uku, na sa lambar gida.

Mu arba'in muka hallara da furanni. Tsoho Wim, maƙwabcinmu, na gaba, riƙe da kwali. Kafin ya taɓa ƙararrawa, mazan nan biyu sun danne shi a kan ciyawa.

"Kek ne, 'ya'yan nan! Kek ɗin tuffa!" in ji Wim.

Sai ga mamacin ya buɗe ƙofa da silifas, yana tauna.

"Sjoerd! Ba ka mutu ba?"

"Ba a dai sanar da ni ba tukuna, Greetje."

Roelien ta fizgo ni ciki. "Masu hoda sun sa a kashe ni. Waɗancan 'yan sanda ne, su suka ce in saki labule. Abu ɗaya ya rage mini, ba a san gidana ba."

"Ai da kin gaya min!"

"Don ki sa a shafi? Greetje, shekara da shekaru ƙattin nan ke neman gidan nan. Ke kin ba su cikin minti biyu, har da hoton fure."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ta yanki kek, ta leƙa ta ce wa Wim sukari ya yi yawa.

Kafin rana ta faɗi an kwashe su, ba a gaya wa kowa ina ba. Rubutunta na ci gaba da fitowa, da shi nake sanin tana raye. Ina kewarta, ba kaɗan ba.

Ranar haihuwarta tana nan a kalandar da na rataye a banɗaki, kamar yadda ake yi a ƙasar nan, tara ga Maris. Bana ma na sayi kati, na rubuta, na liƙa kan sarki. Sai na juya ambulan, na rasa adireshin da zan sa a gaba.