Kwalaye Babu Kaya a Shagon Baba

Ranar wata Alhamis ce, a tsakiyar daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Hadari ya taso daga gabas tun kafin sha ɗaya, hedimasta ya sa aka kaɗa ƙararrawa aka sallame mu, don kwanon ajinmu yana yoyo. Na kwaso da gudu, takalmina a hannu, littattafaina cikin leda a ƙarƙashin hijabi, na iso ƙofar gidanmu a unguwar masunta ta Argungu ruwa na fara sauka. Shagon Baba a jikin zaurenmu yake. Na tarar ya tura ƙyaure ɗaya ya rufe, abin da ba ya yi sai in zai tafi masallaci. Da na leƙa ta ɗaya gefen sai na gan shi tsaye a kan tsohon turmin Inna, yana jera kwalayen sabulu a kanta ta sama. Da hannu ɗaya yake ɗaga kowanne, kamar mai ɗaga faifai. Ɗaya ya suɓuce ya faɗo a gabana, ko ƙara bai yi ba, bakinsa ya buɗe, babu komai a ciki. Baba ya sauko a hankali, ya ɗauki kwalin, ya dube ni ya ce, “Dije, abin da kinka gani ki bar shi nan. Ko Innarki kak ki gaya ma.”

Kafin wannan shekara, ban san shago yana mutuwa ba. Na tashi na tarar da shi kamar yadda na tarar da gulbi. Shagon Malam Ummaru ake ce da shi, ɗaki ne ƙarami da ba ya ɗaukar mutum uku a tsaye, amma akwai gishiri da kanwa da sukari, kananzir da lagwani, batir, zare da allura, fensir da littafin rubutu, ƙugiyoyi da zaren gyaran koma na masunta. A bayan ƙyaure akwai ƙusoshi a jere, a nan maƙwabta suke rataye makullansu in za su fadama ko kasuwa. Wasiƙa in ta zo daga Sakkwato ko Legas, a hannun Baba ake barinta, shi zai karanta wa wanda bai iya boko ba, ya kuma rubuta amsa. A ƙarƙashin dogon yaron da ke ƙofa akwai benci, inda tsofaffi suke wuni. Cikinsu wanda ba ya fashi shi ne Baba Ɗanjuma, tsohon masunci da ƙafa ta hana shi shiga ruwa, matarsa ta rasu, ɗansa yana can kudu. Kullum yana nan da koma a cinya yana ɗinke inda ta yage, mu kuma muna gefe mun zana gala-gala a ƙasa, ko mun baje duwatsun carafke, in mun yi faɗa ya daka mana tsawa ba tare da ya ɗago kai ba.

Baba ba ya sauri wajen ciniki. Yaro in an aiko shi sayen kananzir na rabin kwalba, sai ya tambaye shi jikin kakarsa, ya tambayi ko akuyarsu ta haihu, sannan ya ɗauko mazurari. Yakan ce, “Wanda ya zaka sayen gishiri, a tambai lahiyar gidansa tukuna.” Daga abin da aka saya yake gane halin da gida yake ciki. In gida ya kwana biyu bai aiko sayen komai ba, zai ce wa Inna ta leƙa. Ita Inna aikinta turara shinkafa, ni da ƙanwata mu ke ɗebo mata ruwa a rijiya, mu shanya shinkafar a tabarmi, mu zauna da tsumagiya muna korar kaji har rana ta yi sanyi. Abin da take samu na sutura ne da sabulun wanka. Tuwon dare da kuɗin makarantarmu daga shago suke fitowa.

A ranin da ya gabaci wannan damina ne wani attajiri ya buɗe babban kanti a bakin titi, tafiyar minti biyar daga gidanmu. Da mota guda ake sauke masa kaya, don haka duk abin da Baba zai sayar, a can ya fi araha. Akwai janareto, akwai firji, akwai samari biyu masu zuba kaya a leda mai zane, ba su san sunan kowa ba. Mutanen unguwarmu ba su guje mana rana ɗaya ba. Da kunya suka fara. Mai dawowa da ledar kantin sai ya bi ta bayan masallaci don kada ya wuce ta gaban Baba, har aka wayi gari hanyar bayan masallacin ta fi ta ƙofarmu tattakuwa. Ni ma sai da na je. Wata rana da aka tashi tara na bi ƙawayena na sayi ƙanƙara mai launin ja da kuɗin ƙosaina, na shanye a bayan aji, na yi ta goge harshena da gefen hijabi don kada launin ya tona ni. Da na dawo gida Baba ya miƙo min alawa ɗaya kamar kullum, na karɓa na kasa sha.

Bayan ranar kwalayen nan sai idona ya buɗe, na riƙa ganin abin da a da ban lura da shi ba. Gwangwanayen madara na layin gaba ne kaɗai masu nauyi, na baya duk fanko ne da ya wanke ya juya bakinsu ƙasa. Buhun sukari ya naɗe shi ya ɗora a kan bulo don ya yi tsawo. Inna ta gane ba tare da na faɗa ba. Ta sayar da awakinta biyu ta ba shi, ya hau mota ya tafi Birnin Kebbi sarin kaya, ya dawo da yamma da buhu ɗaya a kafaɗa, kayan da ko kanta ɗaya ba su cika ba. Ta koma soya ƙuli-ƙuli da daka yaji ana ajiyewa a gaban shago, ko mai sayen ƙuli zai haɗa da wani abu. Miyarmu ta daina ganin kifi, a garin da kifi ba abin marmari ba ne. Baba ya riƙa buɗe shago daga dawowa sallar asuba, ya share ƙofa sau uku kafin azahar, duk wanda ya gifta ya miƙe tsaye ya gaishe shi tun daga nesa. Daga baya ya fara abin da har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi: yana bin gidaje bayan la’asar da sunan gaisuwa. Na taɓa bin sa riƙe da butarsa, na ji shi a zauren wani maƙwabcinmu yana cewa, “Ba sadaka nike roƙo ba, Alhaji. Ku dai riƙa aiko yara, ko allura ce.” Maƙwabcin ya yi ta cewa in sha Allahu, idonsa a ƙasa. Ba a aiko ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yankewa ba, Maman Rahila, Kirista ’yar Filato da ke aikin jinya a asibiti, tana haya gida uku daga namu. Kowace safiya in za ta aiki sai ta tsaya ta rataye makullinta, ta gaida Baba, ta ce, “Malam, a ba ni ashana ɗaya.” Kullum ashana ɗaya. Wata rana ita ce cinikin farko, ita ce na ƙarshe.

Asirin ya tonu ana gab da girbin shinkafa. Wani ɗan’uwan Baba an yi masa haihuwa, ya zo da safe benci cike da mutane, ya ce shi ba zai kai kuɗin suna bakin titi ba alhali ga shagon yayansa. Kwalin sabulu guda yake so. Baba ya fara cewa ya bari zuwa gobe, shi kuwa don zumuɗi ya shige ciki ya miƙa hannu ya jawo da ƙarfi, yana zaton nauyi. Kwalin ya taho masa kamar ganye, ya ture na kusa da shi, suka zubo su biyar a ƙasa, gwangwanayen fanko suka biyo baya suna gangarawa har ƙofa. Ina tsaye da tulu a kaina. Babu wanda ya yi dariya, da ma an yi da ya fi sauƙi. Baba ya tsaya hannunsa a sake, yana kallon gwangwani ɗaya da ya tsaya a ƙafar benci. Baba Ɗanjuma ne ya ajiye komarsa ya dafa sanda ya miƙe, ya ce, “Ummaru, ja ƙyaure mu tahi, akwai gaisuwar mara lahiya da munka yi alkawari.” Babu wani mara lafiya. Ya dai janye shi daga idon mutane.

Kwana huɗu bayan haka Baba ya rufe shagon. Ya cire makullan maƙwabta daga ƙusoshi ya zuba mini a kwano, ya ce in mayar wa kowa nasa. Na bi gida gida, mata suna karɓa suna cewa Allah ya sa hakan ne mafi alheri, wasu ba su iya haɗa ido da ni ba. Da na shiga ɗakin Maman Rahila tana ninke kaya, na hango wata roba babba a ƙarƙashin gadonta, cike da kwalin ashana sababbi, ko ɗaya ba a buɗe ba. Ta ga inda nake kallo, ta tura robar ciki da ƙafa. Ta karɓi makullin, ta zauna a bakin gado ta ce, “Dije, na yi iyakar abin da zan iya. Ni kaɗai ba zan isa ba.” Sai ta rufe fuska da zanen da ke hannunta. A nan na yi kukan da na riƙe tun damina.

Baba ya koma aikin albasa a fadama, a gonar wani, yana da shekara hamsin da wani abu. Yana fita da duhun safiya, ya dawo bayansa a sunkuye, tafin hannunsa a tsattsage. Da wannan ya riƙe mu har na gama sakandare, bai yarda an cire ɗayanmu daga makaranta ba. Tsofaffin benci sun ci gaba da zama a gaban rufaffen ƙyaure na wata biyu ko uku, sannan suka watse ɗaya bayan ɗaya. A ranin shekarar Baba Ɗanjuma ya faɗi a ɗakinsa, ya kwana uku a ƙasa ba wanda ya sani, don babu sauran wurin da za a ga babu shi a tambaya. Baba ne ya ɓalle ƙofar. An kai shi asibiti, bai yi mako ba ya cika. Da aka dawo daga maƙabarta Baba ya zauna a zaure bai ci abinci ba, abin da kawai ya ce shi ne, “Da shago na buɗe, da tun hantsin hwarko na neme shi.”

Yanzu ina zaune a Gwadangaji, a gefen Birnin Kebbi, da mijina da ’ya’ya huɗu, ina koyarwa a wata makarantar firamare. Baba ya rasu shekarun baya. Gidajen layinmu duk katanga ce mai tsawo da ƙofar ƙarfe, na shekara shida ban san sunan matar da ke gida na uku ba. In aka yi albashi maƙwabtana sukan hau keke-napep su tafi manyan kantuna a cikin gari ko Badariya, wasu ma ta waya suke saye a kawo musu har ƙofa. A kwanar layinmu akwai wani dattijo, Malam Garba, mai ɗan shago na kwano. Wurinsa nake sayen duk abin da yake da shi, ko da yarana suna ƙorafin biskit ɗinsa ya huce. Makon jiya ya ce mini in an yi Sallah zai rufe ya koma ƙauye. Tun ranar nake bin gidajen layin bayan la’asar ina sallama, ina roƙon mata su riƙa aika yara wurinsa ko sau ɗaya a rana. Suna karɓata da fara’a, su kawo mini ruwa mai sanyi, su ce ai Malama kin cika tausayi. Wata ta tambaye ni ko ɗan’uwana ne. Na rasa yadda zan yi mata bayani a tsaye a bakin ƙofa, ita kuma wayarta tana ta ƙara.

Saura gida bakwai ban shiga ba, Sallah kuma saura mako uku. Gobe in Allah ya kai mu zan ci gaba daga inda na tsaya, ko da yake na san tun ina yarinya cewa mutum ɗaya ba ya riƙe shago.