Ranar da Man Giya Ya Yi Fari

Ni na sa yayana ya rabu da shanun huɗarsa. Ina aikin ofis a Gwandu, shi yana noman shinkafa a fadamar Wurogauri, amma na zauna na cika masa kunne da labarin injin huɗa na hannu, wanda ke tafiya a tudu da taya, in an sa masa ƙafar ƙarfe kuma ya shiga ruwa ya dama taɓo. Shekara biyu ina masa naci kafin ya yarda. Na ji daɗi ƙwarai, domin tun muna yara maganata ba ta taɓa yin nauyi a wurinsa ba in ana zancen gona.

Injin bai cika wata biyu ba yayana ya kira ni. Ya ce giyar injin tana gurnani, tana ƙin shiga, ga irin shinkafa ya isa dashe, rabin gona kuma ba a taɓa ba. Bai zarge ni ba, kuma wannan ya fi zargin ciwo. In injin nan ya mutu, noman shekarar ya tafi, kuma kowa a gida ya san bakin wa ya jawo.

Washegari da hantsi na ɗauko wani bakanike daga Kalgo a bayan babur, dattijo mai ƙarancin magana. Ya sa aka tayar da injin ya ɗan yi ɗumi, domin man ya saki jiki, sannan ya kashe. Ya tura wani tsohon kwano ƙarƙashin giyar, ya kwance notin ƙasa da sifana. Ni da na zaci baƙin mai zan gani, sai ga abu fari yana kwarara kamar kunun gyaɗa. Bakanike ya dangwala da yatsa, ya murza, ya ce ruwa ne ya shiga. Ya ce taɓon gona ba ya kai wa inda ruwa zai samu hanya, don haka akwai abin da ba a faɗa masa ba. Ya dubi yayana.

"Malam, in an tashi aiki da marece, mi kaka yi mishi?"

"Wanka nika yi mai ga gulbi," in ji yayana.

"Har ina ruwan ka kai?"

Yayana ya ɗora hannu a ƙirjinsa. Ashe yadda ya saba kora shanunsa gulbi kullum bayan aiki, ya cuɗe su, haka yake tura injin cikin ruwa ya wanke shi tas. A ganinsa abin da ya wuni yana maka wahala ba a kai shi gida da taɓo a jiki. Bakanike ya nuna masa wani ɗan rami a saman giyar da take shaƙar iska, ya ce ta nan take shan ruwan wankan. Na so in yi dariya, tsoro ya hana ni.

Notin ƙasan yana da maganaɗisu a bakinsa, shi ke kama duk ƙarfen da ya gutsure a ciki. Bakanike ya ce in an ga ɓarɓashin haƙori, giyar ta tafi. Ya ɗaga notin cikin rana, mu uku muka haɗa kai a kansa. Ya shafa a farin tsumma. Gari ne kawai mai laushi, ba gutsure ko ɗaya. Sai a lokacin dariyar ta kuɓuce mini, har na zauna a kan kunyar gona. Yayana ya harare ni, sannan shi ma ya fashe.

Aka zuba man gas aka juya ƙafafun da hannu, aka sake tsiyayewa har ya fito garau. Aka ɗaure notin. Ni aka ba mazurari, bakanike yana zuba sabon mai a hankali, yayana ya tsuguna yana gadin ramin gefe, domin in mai ya leƙo ta nan ya isa. Da ya leƙo ya ɗaga hannu, aka toshe.

Yayana ya tayar da injin, ya sa giya, ta shiga ba gardama. Ya bi shi cikin ruwa har ƙarshen gona, taɓo na tashi a bayansa, ya juyo. Da ya iso gabana sai ya tsaya, ya dubi takalmina na ofis.

"Tuɓe su," ya ce. "Taho ka riƙa. Ai kai ka kawo muna shi."

Shekarata arba'in da wani abu a ranar, kuma bai taɓa miƙa mini abin aiki a gonarsa ba. Na naɗe wando na shiga. Layin da na ja ya karkace ƙwarai, yana biye da ni a baya yana dariya, amma bai karɓe ba.