Hoton Mai Awara a Ƙarƙashin Tebur

Wata rana, a daren shiga sabuwar shekara, wani mai ɗaukar hoto da ake kira Nafi'u ya rataya kyamararsa ya nufi wani fili a Jos inda ake wasan wuta.

Sanyin garin kuwa har cikin ƙashi. Ya kafa kyamara bisa ƙafafunta uku, ya ɗaga bakinta sama, ya tura hannuwa cikin aljihu yana jira.

A gefensa wata tsohuwa ce ke suyar awara. Ba ta da yawan magana, ta dai zuba maka yaji ta ce ka ci lafiya.

Can sai aka saki wutar farko. Sama ta tsage da ja da kore, ƙara ta biyo baya kamar ana ɓarin duwatsu. Jama'a suka ɗauki sowa.

Tsohuwar nan ba ta dubi sama ba. Ta yar da matsami, ta rarrafa ƙarƙashin teburinta, ta kife fuska a ƙasa, ta toshe bakinta da hannu biyu.

Nafi'u ya kwashe da dariya. Ya cire kyamara daga kan ƙafafun, ya durƙusa, ya haska mata fitila a fuska, ya ɗauka.

Kafin ya kwanta ya ɗora hoton a shafinsa, ya rubuta: “Baƙauyiya ta shigo birni.”

Hotunan wutar da ya sha sanyi dominsu ba wanda ya kula su. Na tsohuwa ne ya zagaye gari. Mutane suka riƙa cewa ya koma ya ɗauko musu bidiyonta.

Bayan ’yan kwanaki ya koma filin da yamma, cike da murna. Teburin na nan, amma ba kasko, ba wuta. Sai wani dattijo maigadi zaune a benci.

“Baba, sannu da hutawa. Ina tsohuwar nan mai awara? Ai ta yi suna, duniya na nemanta.”

Dattijon ya daɗe yana kallon kyamarar.

“Kai ne mai hoton? Yayata ce, Hurera sunanta. Daren da ’yan bindiga suka shiga ƙauyenmu, ƙarƙashin rumbu ta kwana da hannu a baki, tana jin ana kiran ’ya’yanta maza ɗaya bayan ɗaya. Kai wasa ka ji, ɗana. Ita wancan daren ta sake ji.”

Nafi'u ya zaro wayarsa daga aljihu.

“Wallahi ban sani ba, Baba. Yanzu zan goge. Kai ni wurinta in roƙe ta gafara.”

“Tun da hoton ya fita, yaran unguwa ke laɓaɓowa suna fasa mata nokawut, abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga, a baya don su ga ta sake kwanciya. Jiya ta ɗaure kayanta ta koma ƙauyen. Na ce mata har yanzu ’yan bindigar na shiga. Ta ce ta sani, amma can idan ta ɓuya ba mai dariya.”

Nafi'u ya goge hoton a nan tsaye. Bai isa gida ba sai da wani abokinsa ya turo masa shi, an ɗora masa kiɗa.

Ƙauyen babu sabis na waya. Yakan je wurin dattijon ya tambayi labarinta, kullum amsar ɗaya ce: ba a ji komai ba tukuna.

Darasi: Idan ka ga babba yana tsoron abin da kai kake yi wa dariya, akwai abin da ya gani wanda Allah ya tsare ka da gani. Tambaya kafin ka ɗaga waya. Hoto kana iya goge naka, amma na wayar mutane ba ya hannunka.

Ku tura wa duk wanda kuka san hannunsa na saurin ɗaukar mutane. Allah Ya tsare bayinSa da ke ƙauyukan da ba a barci.