Shaidar da Mai Unguwa Ya Rubuta Min

Tun da jami'a ta ɗauke ni, zance ɗaya ake yi a unguwarmu: wai mai unguwa ya rufa min asiri, shi ya sa na tsallake binciken da ake yi wa sababbin ɗalibai. Wasu kuma sun ce hanya aka yi min. Duk ba haka ba ne. Na gaji da gyara wa mutane zance a gidan biki, don haka ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya huta, musamman ku ƙannena masu shirin shiga makaranta.

Ni haifaffiyar Wudil ce. Babanmu ya rasu ina aji biyu a sakandare, Inna ta riƙe mu da suyar kifi. Ban taɓa kwana da yunwa ba, kar wani ya ce talauci ne ya jefa ni. Ina da kai, ina da saurin hannu, haƙuri ne ba ni da shi. Da na gama sakandare lissafi ya kayar da ni. Maimakon in zauna in sake jarabawa, sai na kama aiki a wani shagon buga takardu kusa da jami'a.

Lokacin rajista shagon cika yake yi. Kowane sabon ɗalibi sai ya kawo wasiƙar shaida daga mai unguwarsu ko dagacinsu, cewa an san shi, an san gidansu, ba a taɓa kama shi da laifi ba. Ni aikina in yi musu kwafi. Wata rana wata yarinya ta shigo tana kuka, ruwan sama ya lalata mata wasiƙarta, garinsu kuma da nisa. Na ɗauko ta wani a kwamfuta, na goge sunansa, na sa nata. Minti goma na gama. Ta yi ta sa min albarka har na ji kamar sadaka na yi.

Daga nan aka fara. Ta gaya wa ƙawarta, ƙawar ta gaya wa wasu. Da na ga ana zuwa, sai na daina yi don Allah. Wasiƙar da ta fi fitowa tsaf a kwamfutata ta mai unguwarmu ce, don hatiminsa sabo ne, tawada ta kama shi sosai. Mutumin nan da shi aka ɗauki makarar Babanmu, amma na mayar da hatiminsa kamar nawa. Mutum ko hanyar unguwarmu bai sani ba, sai in mai da shi ɗan unguwa, yaro mai ladabi. Ban taɓa tambayar kowa me ya hana shi zuwa wurin nasu mai unguwar ba. Na san amsar, shi ya sa ban tambaya ba.

Ashe ɗaya daga cikinsu an taɓa ɗaure shi a garinsu kan fasa shago. Bai cika zangon karatu ɗaya ba ya ɓalle ɗakin 'yan uwansa ɗalibai ana tsakiyar lacca. Ɗayansu ya dawo ya ritsa shi, shi kuwa ya karya masa hannu da ƙarfe. Da aka buɗe fayil ɗinsa, wasiƙar wa za a gani? 'Yan sanda suka zo har ƙofar gida suka tafi da mai unguwa, dattijo da furfurarsa, a gaban jama'arsa. Ya wuni a can yana rantsuwa bai san yaron ba, bai san ubansa ba. Yaron ne ya nuna shagonmu.

Alƙali ya ba ni wata tara. Ba zan ja muku labarin gidan yari ba. Wuri ne da mai rashin haƙuri irina ke koyon jira: ki jira ruwa, ki jira abinci, ki jira a buɗe ƙofa. Inna ta zo min ranar ziyara da kifi a ƙunshe. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage nin.

"Ci, kar ya huce," ta ce. Can ta ƙara da cewa, "Na je na ba mai unguwa haƙuri. Ya ce ba ni na yi masa ba."

A ciki na haɗu da wata ma'aikaciya da ta ga ina zaman banza ta kawo min tsohon littafin lissafin 'yarta. Kullum sai ta duba abin da na yi, in na yi kuskure ta ce, "Ke da kika iya satar hatimi, wannan ne zai gagare ki?" Allah ya saka mata. Da na fito na sake jarabawa na ci, na zauna jarabawar shiga jami'a ita ma na ci.

Sai ga fom ɗin tantancewa. Tambaya ce a fili: an taɓa yanke miki hukunci a kotu, e ko a'a? A ƙasa kuma an ce a haɗo da takardar 'yan sanda da wasiƙar mai unguwa, cikin mako biyu, in ba haka ba gurbin ya tafi.

Ƙawata Zulai ta ce, "Ke dalla can, sa a'a. Wa ke da lokacin bincike? Wasiƙa kuwa ai ke ce uwar yin ta."

Kwana uku fom ɗin yana ajiye. Ba zan yi muku ƙarya ba, ba tsoron Allah ne ya fara hana ni ba. Tunawa na yi an ɗauki zanen yatsuna ranar da aka kama ni. Tsoron Allah daga baya ya zo. Na sa e, na ɗauki hijabi na nufi zauren mai unguwa da na shekara ina kauce wa.

Da hantsi ne, yana zaune da mutane. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi Inna, ya tambayi ƙannena, kamar ba komai.

"Yaushe kika fito?"

"Shekara guda ke nan, ranka ya daɗe."

"Sai da kika buƙaci takarda kika gane hanyar zauren nan."

"Haka ne, Baba. Kunya ce ta hana ni, buƙata ta kawo ni. Ka yafe min."

Wani tsoho a gefe ya ce, "Ranka ya daɗe, tura hatimin nan aljihu tukuna." Aka kwashe da dariya. Ni dai kaina na ƙasa.

"Me kike so in rubuta?"

"Abin da ka sani."

"To ai na san da yawa."

Ya rubuta da hannunsa, ya karanta a gaban kowa. Ya ce ya san ni, ya san mahaifina. Ya ce na yi jabun hatiminsa, na jawo masa wulaƙancin da bai taɓa gani ba, na yi wata tara a ɗaure. Ya ce tun fitowata ba a kawo masa ƙarata ba, kullum ina gindin murhu tare da mahaifiyata. Layin ƙarshe shi ne ya karya ni: "Ina roƙo a ba ta dama. In ta sake, a zo a tafi da ni, wannan karon da sanina."

Ni ba mai kuka ba ce, amma ranar sai da matarsa ta fito ta ja ni ciki.

Ranar tantancewa mutum uku ne a tebur, a tsakiya wata Dakta mai gilashi. Ta karanta wasiƙar sau biyu.

"Mun kira shi a waya," ta ce. "Tun abin da kika yi, kowace wasiƙa sai mun kira mai ita. Kin ƙara mana aiki."

"Allah ya ba ku haƙuri, ranki ya daɗe."

"Da a'a kika sa, da ko kujerar nan ba ki gani ba. To gaya min, don me za mu yarda da ke?"

"Kar ku yarda da ni. Ku sa min ido."

Na ƙarshen teburin ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Suka ce in jira a waje. Da aka kira ni ta ce sun ɗauke ni, amma shekarar farko ta gwaji ce, duk ƙarshen wata zan bayyana a ofishinta. Ta ce maganar tana cikin fayil, babu ɗalibin da zai ji daga bakinsu.

Ƙannena, masu cewa wannan bincike mugunta ce ba su ga hannun ɗalibin nan da aka karya a ɗaure ba. Da an yi shi yadda ya kamata, da ban shiga tsakani ba, da bai karye ba. Takardar da ba taka ba kar ka taɓa ta, ko da taimako ne, don ni ma da taimako na fara. In kuma ka riga ka ɓata, faɗi da bakinka kafin a tono. Na gode wa Allah, na gode wa Inna, na gode wa dattijon da ya sa wuyansa saboda ni.

Ranar Litinin zan tare a ɗakin kwanan ɗalibai, mu huɗu ne. Inna ta ce in ja bakina in yi shiru tunda hukuma ta rufe. Na ce a'a. Mutanen da za su bar wayarsu a caji su tafi wanka, su kwana gado kusa da nawa, suna da haƙƙin sanin da wa suke zaune. Kafin in sauke akwatina zan gaya musu ko ni wace ce da abin da na yi. Wadda ta ga ba za ta iya ba, ni da kaina zan raka ta ofis a canja mata ɗaki.